Zauren Iyali: Tsarabar Abuja

Yau magana ta da angwaye da amare ce, da magidantan da kan ɗebi iyali su tafi Abuja buɗe ido in an yi hutun makaranta.

Wanda ya taso ta hanyar Kaduna, Dutsen Zuma ne ke fara yi masa maraba kusa da Suleja. To wannan Sulejar ita ce Abuja ta asali. Da aka ɗauki sunanta aka ba sabon birni, sai aka raɗa mata Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Janar Murtala ne ya sanar da ƙaurar ranar 3 ga Fabrairu 1976, bayan kwana 10 aka kashe shi a Legas, ko tubali ɗaya bai gani ba. Allah Ya jiƙansa. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida.

A gindin Dutsen Aso aka jera manya uku: Fadar Shugaban Ƙasa, Kotun Ƙoli, da Majalisar Tarayya mai koriyar ƙubba. Daura da su ga Dandalin Eagle, inda aka rantsar da Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999 da soja suka miƙa mulki. Gani ya kori ji! Tituna fetal, ga shinge, ga masu bindiga a tsaye. Baƙo sai ya ji ya koma ɗan mitsitsi, murya ma ƙasa-ƙasa yake yi.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Maigida ya juyo ya ce, "Kai, ku yi shiru kar a kama mu!" Shi ke nan, yaro ya dawo gida da cewa gwamnati dodo ce, ta wasu ce can. Ita kuma amarya tun a mota an fara, "Ka ga inda mutane ke rayuwa?" Ta dawo ta raina ɗaki da falon da jiya take alfahari da su. Tsoro da kwaɗayi, wallahi mummunar tsaraba ce.

Malam, in kun tsaya inda aka yarda a tsaya, nuna wa ɗanka ƙubbar nan ka ce masa akwai sanatoci 109 a ciki, kowace jiha uku, Abuja ɗaya, ga wakilai 360. Ɗaya daga cikinsu na yankinku ne, da ƙuri'ar irin su babansa da innarsa ya shiga, kuma da ita zai fita. Ka gaya masa da dukiyar jama'a aka yi ginin, a ƙasar da Gwarawa da maƙwabtansu ke noma tun kaka da kakanni, wasunsu ma sai da aka tashe su. Yaron da ya ji haka, gobe zai iya tambayar kansila ina rijiyar da ya yi alkawari.

Ke kuma 'yar uwa, sha kallo ki more, amma ki sani mai Fadar nan ma ɗan haya ne. Shekara 4 ake ba shi, in ya yi sa'a a ƙara masa 4. 'Yar'aduwa ma ya zauna a cikinta, ajali ya riske shi a 2010 wa'adi bai cika ba. Naki ɗakin kuwa, in da zaman lafiya, ba mai ba ki notis.

In an fito, a biya Masallacin Ƙasa a yi salla, a roƙa wa ƙasar nan shugabanni masu tsoron Allah.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.