Karatun Aku da Karon Mota

Kowace shekara, idan zangon farko ya yi nisa, malamin fiziks yakan shigo babban ɗakin lacca ya rubuta wa 'yan ajin farko layi biyu a allo. Na farko ya ce momentam shi ne nauyin abu sau gudunsa. Na biyu ya ce impals, wato ƙarfi sau tsawon lokacin da ya yi yana aiki, daidai yake da canjin momentam. Mukan kwafe, mu haddace, mu amayar ranar jarrabawa, mu ci maki. Ran da aka ba da hutu kuma sai mu nufi tasha, mu cusa kanmu mu biyu a kujerar gaban tasi, bel yana reto a gefe babu mai ko kallonsa, har mu riƙa zuga direba ya taka don mu isa gida kafin magariba. To, 'yan'uwa ɗalibai, me muka karanta ke nan?

Mun ce karatun aku muka yi, kuma ba za mu janye ba. Aku yana iya maimaita sallama, amma bai san ana amsa ta ba. Layin nan biyu da muka haddace su ne bayanin yadda mutum ke mutuwa a kan titi da yadda yake tsira, amma an ba mu su kamar wata tatsuniyar lissafi. Tambayoyin da ake jera mana kullum iri ɗaya ne: ƙwallon sunuka ya bugi ɗan'uwansa a kan tebur marar gurzawa, harsashi ya shige kututture da aka rataye da igiya. Wanne ne cikinmu zai taɓa rataye kututture ya harbe shi? Amma dukanmu muna hawa babur, dukanmu muna bin hanyar Kaduna ko ta Gusau ko ta Potiskum, muna gilmawa ta gefen tireloli. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya ke kashewa a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu. Duk da haka sai a gama darasin karo ba a ambaci mota ko sau ɗaya ba.

Abin haushi shi ne, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin lacca ba sun fi mu riƙe wannan ƙa'ida a hannu. Ku tsaya ku kalli magini a kan katanga idan yaronsa ya cillo masa tubali. Ba ya tsayar da hannu ƙiƙam ya tare shi. Yakan bi tubalin da hannu kaɗan kafin ya tsayar, kuma da wannan ɗan bin tubalin bai fashe ba, hannun bai yi tsami ba. Haka masu sauke kankana daga mota suke yi. Momentam ɗin tubalin dole ya ƙare, ko an so ko ba a so. Abin da ke hannun magini shi ne lokaci: in ya tsawaita lokacin tsayawa, ƙarfin da ke kan hannunsa ya ragu daidai gwargwado. Maƙeri kuwa akasin haka yake nema. Yana dukan ƙarfe a kan uwar maƙera domin guduma ta tsaya nan take, ƙarfin ya taru wuri ɗaya. Ɗora masa jan ƙarfen a kan buhun auduga ka ga ko zai ƙera ko da allura. Fasinjan da ba shi da bel ya zaɓi uwar maƙera, kansa kuma shi ne gudumar.

Mu yi lissafin da aka ƙi yi mana. Masana za su ce nauyi daban, yawan jiki daban. Mun ji, kilo dai muke nufi. Mutum mai kilo 70 yana cikin motar da ke gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan. Momentam ɗinsa 1,400 ne. Mota ta daki bishiya ta tsaya, shi kuwa bai tsaya ba, domin babu abin da ya riƙe shi. Yana ci gaba da gudunsa har ya gamu da sitiyari ko gilashin gaba. A ce wannan gamuwa ta tsayar da shi cikin kashi 2 bisa 100 na sakan. Raba 1,400 da 0.02, ka sami niyuton 70,000, kwatankwacin nauyin tan 7 a kan ƙirji da goshi. Yanzu a ce yana ɗaure da bel, gaban motar ya lotse, bel ɗin ya ɗan miƙe, tsayawar ta ɗauki kashi 1 bisa 10 na sakan. Ƙarfin ya dawo niyuton 14,000, kashi ɗaya cikin biyar na wancan, kuma a baje yake kan ƙugu da kafaɗa, inda ƙashi ya fi ƙwari. Zai ji jiki, babu shakka, watakila ma haƙarƙari ya tsage, amma da ransa za a fito da shi.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaci. Uwa ta rungume jariri mai kilo 10 a kujerar gaba, tana ganin babu inda ya fi hannunta tsaro. A wannan gudun, in motar ta tsaya cikin kashi 1 bisa 10 na sakan, sai ta riƙe shi da ƙarfin niyuton 2,000 kafin ya zauna a hannunta. Wannan nauyin buhun shinkafa huɗu ne masu kilo 50, ya fizgo ta farat ɗaya ba shiri. Babu uwar da za ta iya. In kuwa ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi. Yayyenmu da matanmu suna wannan zama kowace rana, mu masu takardar shaida muna zaune kusa da su muna hira.

Sai mu zo kan tirela. An koya mana cewa idan abu biyu suka yi karo, jimlar momentam ɗinsu ba ta canzawa, kuma ƙarfin da wannan ya sa wa wancan daidai yake da wanda wancan ya mayar masa. Gaskiya ne, amma sai a tsaya nan, ɗalibi ya fita da zaton karo raba-daidai ne. Ɗauki tirela mai tan 30 da tasi mai tan 1, kowacce tana kilomita 72 a awa, suka haɗu gaba da gaba suka manne. Lissafi ya nuna za su ci gaba ta inda tirelar ta nufa da gudun kusan kilomita 67. Abin da tirela ta rasa bai wuce kilomita 5 ba. Tasi kuwa daga 72 gaba ta koma 67 baya, canjin kilomita 139 ke nan cikin ƙiftawar ido, ninki talatin na abin da ya sami tirela. Wanda ya taɓa yin wannan lissafi da hannunsa ba zai yi shiru ba idan direba ya fito zai wuce wata mota a kan kwana.

Wata magana da muke ji a tashoshi, har a bakin injiniyoyin gobe, ita ce motocin da ƙarfe ne, na yanzu kuwa gwangwani, ɗan taɓawa sai su lotse. Ai lotsewar ita ce aikin. Da gangan aka ƙera gaban mota ya naɗe kamar tabarma, domin kowane taƙi da ya naɗe ƙarin lokaci ne ga mutanen ciki. Injiniya Béla Barényi ya sami rajistar wannan dabara a 1952, Mercedes kuma ta fito da ita kasuwa a 1959. A wannan shekarar ce Volvo ta fara sa bel mai bin kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya tsara. Mu kuwa sai mu kai mota wurin mai walda ya ɗaura mata ƙaton ƙarfe a gaba don kada fitila ta fashe. Fitila ta tsira, mai ita ya tafi. Haka kuma masu cewa gara haɗari ya cillo su waje: wanda aka cillo da gudun mita 20 a sakan, kwalta ce za ta tsayar da shi, ita kuwa ba ta lotsewa.

Kada kowa ya ɗauka wannan ilimi abin wasa ne da aka tsinta a hanya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a kan wani karkata da abin da aka jefa ke ɗauke da shi bayan ya bar hannun mai jifa. Buridan na Faris ya zo a ƙarni na 14 ya ce wannan abu yana ƙaruwa da yawan jiki da kuma gudu. Dekat, duk da kaifin basirarsa, ya wallafa ƙa'idojin karo a 1644 akasarinsu kuskure, domin bai lura cewa sai an yi la'akari da inda abu ya nufa ba. Sai wajen 1668 Walis da Ren da Haigens suka daidaita maganar, Niyuton ya ɗora a kanta a littafinsa na 1687. Fiye da shekara 600 manyan ƙwaƙwale suna tuntuɓe kafin a sami layin nan biyu, mu kuma aka ba mu su cikin minti goma, muka mayar da su cikin awa biyu, muka manta.

Ga malamanmu wannan ƙorafi yake da farko, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. A farkon 2009, da aka tilasta sa hular kwano, labari ya zaga duniya cewa wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Mun yi dariya. To ɗan acaɓa bai taɓa jin impals ba, bai san soson da ke cikin hula shi ne ke murƙushewa ya ba ƙwaƙwalwa ɗan lokacin da take bukata ba. Mu da muka sani fa? Ku tsaya a bakin ƙofar makaranta da safe ku ƙirga ɗalibai nawa ke shigowa a kan babur da kai tsirara. Ku dubi yayyenmu ƙananan ma'aikata da suka sayi mota da rancen ofis, suna jawo bel su ratayo a kafaɗa in sun hango shinge, su sake shi da zarar sun wuce, kamar jami'in ne zai dake su ba sitiyari ba.

Mun san amsar da za a ba mu: in kwana ya ƙare, ya ƙare. Babu mai musun wannan. Amma mai faɗin haka yana kulle ɗakinsa da kwaɗo in zai tafi lacca, yana ɓoye kuɗin makaranta a aljihun ciki in ya shiga kasuwa. Tawakkalinsa ba ya tashi sai an zo kan ransa. Mutanen da suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka ba su karanta fiziks ba, amma sun fi mu daidaita zance.

Abin da muke nema bai kai kuɗin fentin ofishi ɗaya ba. Muna kira ga masu koyar da ajin farko su zo da ƙwai biyu ranar wannan darasi, a jefa ɗaya a bango, a jefa ɗaya cikin zanin gado da ɗalibai biyu suka riƙe sakwa-sakwa, sannan a sa kowa ya faɗi dalilin abin da ya gani kafin a rubuta ko harafi a allo. A fitar da kututturen nan daga takardar jarrabawa, a sa tirela da tasi da jariri a cinya. Ƙungiyarmu kuwa, da take hayar motoci duk ƙarshen zango da lokacin wasanni, muna so majalisarta ta zartar a zamanta na gaba cewa ba za ta ƙara biyan ko kwabo ga motar da bel ɗinta ba ya aiki ba, kuma ba za a sake zaunar da mutum biyu a kujerar gaba da sunanta ba.