Dokin Ƙarfe Bai Tsufa Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwana ɗalibai, watau wai keke abin hawan wanda bai samu ba ne. Idan aka ga saurayi a kan keke sai a ce, "Allah sarki, Allah ya kawo masa mashin." Idan kuwa aka ji ya ce ya fita yawon shan iska ne a kan keken, ba aike aka yi masa ba, ba kuma kasuwa za shi ba, to, sai a dube shi kamar wanda ya rasa aikin yi. Ni ina cikin masu hawan keke, da shi nake zuwa makaranta, da shi kuma nake fita bayan gari ranar da babu karatu, don haka nake ganin ya kamata in faɗi albarkacin bakina. A ra'ayina wannan raini da muke yi wa keke mu yake cuta, a aljihunmu da jikinmu da kuma sanin ƙasar da muke zaune a cikinta.

Da farko dai, rainin nan ba daɗaɗɗe ba ne. Duk wanda ya zauna da kakanninsa ya ji yadda keke yake da daraja a zamanin En'e. Malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin gidan waya duk a kan keke ake ganinsu, har lasin ake yankar masa. Wanda ya sayi sabon Raleigh, wanda mutanenmu ke kira Rali, sai unguwa ta taru a zo ganinsa ana sa albarka. Kamfanin da ke yinsa a birnin Nottingham na Ingila yake, amma saboda yawan masu saye a ƙasar nan har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa masa suna dokin ƙarfe, ya kuma ba wurin zamansa sunan sirdi. Doki kuwa kowa ya san ba dabbar talaka ba ce.

Abin da ya karya darajar keke shi ne kuɗin man fetur da suka shigo ƙasa. Bayan rahoton Udoji na 1974, da aka ƙara wa ma'aikata albashi aka haɗa musu da na watannin baya, sai kowa ya ruga sayen babur da mota. Daga nan aka fara auna mutum da ƙarar injin da ke ƙarƙashinsa. Mu da aka haifa bayan wannan zamani mun tarar da ma'aunin, muka ɗauka kuwa ba tare da mun tambayi dalili ba.

To, amma ai zamanin man arha ya wuce. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a garuruwa da dama. Kowane ɗalibin jeka-ka-dawo ya ji wannan a jikinsa, domin kuɗin a-daidaita-sahu bin kuɗin mai yake yi. Akwai waɗanda kuɗin karyawarsu ke tafiya a kuɗin mota. Akwai waɗanda ke makara saboda sun tsaya jiran abin hawa mai sauƙi, su zo su tarar da mai horo a bakin ƙofa. Akwai kuma, abin takaici, waɗanda ke fashin makaranta ranar da babu ko sisi a gida. Da yawa daga cikin waɗannan fa akwai tsohon keke jingine a zaurensu, ƙura ta rufe shi, abin da yake bukata bai wuce faci da ɗan mai a sarƙa ba. Kunya ce kawai ta hana a fito da shi.

Bari in ɗan yi lissafi, tun da dai a makaranta muke. Ƙafar babban keke irin na iyayenmu inci 28 ce, saboda haka in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa mita 2 da 'yan kai. Faifan sarƙa na wajen feda ya ninka na baya wajen sau biyu da rabi a yawan haƙora. Watau duk sa'ad da ka zagaya feda sau ɗaya, ƙafar baya ta juya sau biyu da rabi, ka ci fiye da mita 5. Mai tafiya a ƙasa sai ya yi taku bakwai ko takwas kafin ya kai nan. Shi ya sa mai ƙafa ke cin kamar kilomita 5 a sa'a, mai keke kuwa ya ci 15 ba tare da ya yi haki ba. Tafiyar sa'a guda ta koma ta minti 20 ke nan, man da aka sha kuwa bai wuce koko da ƙosan da aka karya da su ba. Wannan dabara ta sarƙa da ƙafafu biyu masu girma ɗaya wani Baturen Ingila mai suna John Kemp Starley ne ya fito da ita a kekensa na 1885, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Tun daga lokacin siffar keke ba ta sāke sosai ba, don babu wani abin gyara mai yawa a cikinta.

Amma ba maganar arha ce ta fi damuna ba. In da arha ce kaɗai hujja, to, ranar da mutum ya sami kuɗi sai ya yar da keken, masu raini kuma su ce ai ga shi nan, mun faɗa. Abin da nake so in kare shi ne hawan keke don nishaɗi, wanda mutanenmu suka fi yi wa dariya.

Wanda bai taɓa fita da keke bayan sallar asuba ba, a ƙarshen damina, bai san abin da yake rasawa ba. In ka fita ta Kabuga ka ɗauki hanyar Gwarzo, ka wuce Rijiyar Zaki da sabuwar Jami'ar Bayero, kafin ka kai Janguza hayaniyar birni ta ragu, sai gonaki dama da hagu. A cikin mota duk wannan kore ɗaya ne ke wucewa ta taga. A kan keke kuwa kana bambanta gero da dawa, kana ganin inda wake ya yaɗu a ƙarƙashinsu, kana jin ƙamshin ƙasa mai raɓa. Za ka gamu da masu shigo da kaya birni, wani ya ɗaure buhu a kariya, wani ya jera kwandunan kaji har ba a ganin bayansa, ku yi sallama ku wuce. Ƙafarka ce za ta gaya maka inda ƙasa ta yi tudu da inda ta gangara, abin da muke zanawa a darasin labarin ƙasa ba tare da mun taɓa jinsa a cinyoyinmu ba. In ƙishi ya kama ka, ka tsaya gindin mangwaro wurin mai fura, a tambaye ka daga ina, hira ta ɓarke. Na koyi sunayen ƙauyuka da ranakun kasuwanninsu ta wannan hanya fiye da yadda na koya a cikin aji. Ɗan birni da yawa ya san sunayen unguwannin Landan daga kallon ƙwallo, amma bai san ƙauyen da ake noma tumatirin miyar gidansu ba.

Sa'an nan ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Mu faɗi gaskiya, mu nawa ne ke samun haka? Filin ƙwallo mutum 22 yake ɗauka, sauran sai kallo, in an tashi kuma kowa ya koma kan wayarsa. Wanda gidansu ke da nisan kilomita 7 daga makaranta, in ya zo a keke ya koma a keke, ya kusa cika wannan sa'a ba tare da ya keɓe mata lokaci ba. Ni dai na lura ranar da na taka keke da safe ba na gyangyaɗi a darasin farko, kuma in karatun jarrabawa ya cushe mini kai, zagaye ɗaya da la'asar sakaliya ya ishe ni in dawo da sabuwar ƙwaƙwalwa.

Keke kuma malami ne na aikin hannu. Babu abin da ke ɓoye a jikinsa, ko'ina ido na gani. Duk mai hawansa a ƙasar nan ya san tsidau, ƙayar nan mai tsini ta bakin hanya, kuma dole wata rana ta koya masa faci: a ciro tiyub, a hura, a tsoma cikin ruwa a ga inda kumfa ke fita, a kankare wurin, a shafa gam a bar shi ya sha iska kafin a manna. Haka zai koyi ɗaure birki, da mai da sarƙa in ta zame, da daidaita sirdi yadda in ya ɗora diddige a feda ta ƙasa ƙafarsa za ta miƙe. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa da yawa. Yaron da ya saba da waɗannan ba ya tsoron sifana, ba kuwa zai zama irin mutumin da ƙaramin abu zai lalace masa ya tsaya yana tafa hannu ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce rana. Gaskiya ne, a watan Afrilu babu mai hankalin da zai fita yawo da tsakar rana, amma ai safiya da yamma ba su ƙare ba, goran ruwa kuwa ba shi da nauyi. Za a ce ƙurar hunturu, to, wanda ke bayan mashin ma shaƙarta yake yi. Hujjar da ke da nauyi guda ɗaya ce, watau hatsari. Titunanmu ba a yi su da mai keke a zuci ba. Ana ta faɗaɗa su, ana gina gadojin sama, amma ba a keɓe ko taku uku a gefe ba don mai keke, ɗan gefen da ke akwai kuma 'yan tebur da masu ajiye motoci sun cinye shi. Direba da yawa yana ganin mai keke kamar wanda ya shigo masa gona. Ko minista bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, ministan sufuri na lokacin, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar ministoci. Mutane suka mai da abin na dariya. Ni ina ganin tambayar da ya kamata a yi a ranar ita ce, in haka ta sami minista, ina ga ɗan makaranta?

Wasu ƙasashe sun yi wannan tambaya sun kuma amsa ta. Ƙasar Holan, wadda yau kekunanta suka fi mutanenta yawa, ita ma motoci sun taɓa cika mata tituna. A 1971 fiye da mutum 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a can, cikinsu har da yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, sai kuma tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja, daga nan aka shiga gina wa kekuna hanyoyinsu daban. Sakamakon haka, a 2024 da Firayim Minista Mark Rutte ya miƙa mulki, kekensa ya hau ya bar ofis, ba wanda ya ce Allah ya kawo masa mashin. In kuma an ce wannan sha'anin Turawa ne, to, a dubi Wagadugu, inda maza da mata, tsofaffi da 'yan makaranta, ke kan kekuna, ƙasar kuma tana da gasar tserenta, Tour du Faso, tun 1987. Ranarsu ba ta fi tamu sanyi ba.

Kafin hukuma ta waiwaye mu, akwai abin da ke hannunmu. Mai keke ya riƙe hannunsa na dama, kada ya bi hanya a baibai don yanke. Ya gwada birkinsa kafin ya bar gida. In zai juya ya miƙa hannu tun da wuri. In magariba za ta same shi a hanya, ya sa fitila gaba da abin ƙyalli a baya, domin direban da bai gan ka ba ba zai kauce maka ba. Hular kwano ba ta 'yan mashin kaɗai ba ce. Goyon mutum biyu da sakin hannu a kan kwalta kuwa, wannan ba gwaninta ba ce, neman asibiti ne.

Ga hukumar makaranta ina da roƙo biyu, ba kuwa masu tsada ba ne. Na ɗaya, a yi mana rumfa kusa da ɗakin maigadi, da ƙarfen da za a riƙa ɗaure kekuna, domin tsoron ɓarawo na cikin abin da ke sa wasu barin nasu a gida, rana kuma tana cin taya. Na biyu, a ba mu izinin kafa ƙungiyar masu keke kamar yadda ake da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo, a ƙarƙashin kulawar malamin wasanni. Sau ɗaya a wata mu fita tare bayan gari da sassafe, malami gaba malami baya, da famfo da kayan faci, mu dawo kafin rana ta take. 'Yan'uwanmu mata ma a ba su tasu ranar tare da malamansu mata, don ba ƙafar namiji kaɗai ke juya feda ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun 2018. A wannan lokaci zafin bazara ya fara sauka, ciyawa ta fara tsirowa, ina ganin ya dace da fitarmu ta farko.