Satar kayan aiki: Ƙalubalen masu shimfiɗa wayoyin sadarwa a Najeriya

A shekarar 2024 ne gwamnatin Najeriya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin wayoyin sadarwa na zamani masu tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasar, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2.

Sai dai akwai wata matsala da ba kasafai ake jin ta a bakin mahukunta ba, wadda ke ci wa masu gudanar da irin wannan aiki tuwo a ƙwarya, wato satar kayan aiki a wuraren da ake haƙa rami ana binne wayoyin.

Matsalar ta fi shafar ƙananan 'yan kwangila, waɗanda su ne ke kwana a bakin titi da kayansu, kuma su ne ke ɗaukar asara idan ɓarayi suka yi musu dirar mikiya.

Kayan da ake hari

Wayar da ake shimfiɗawa a yau ta bambanta da ta zamanin kamfanin NITEL, wadda aka yi da tagulla. Ta yanzu, da ake kira fayiba, zare ne na gilashi mai kaurin gashin kai, kuma haske ne ke ɗauke da saƙo a cikinta.

Ba a ƙulla irin wannan zare da hannu. Sai an sa wata na'ura da ke daidaita bakunan zaren biyu, sannan ta narkar da su su haɗe. Akwai kuma wata na'urar da ke aika haske cikin wayar don gano daidai wurin da ta tsinke, ko da kuwa yana da nisan kilomita masu yawa.

Waɗannan na'urori biyu su ne jarin ɗan kwangila. Daga ƙasashen waje ake shigo da su, musamman Japan da China, kuma masu ingancin cikinsu kan kai dubban daloli. Duk da tsadar tasu, kowacce tana shiga ƙaramar jaka, mutum guda na iya saɓa ta a kafaɗa ya yi gaba.

Bayan su akwai janareta, da injin huda bango, da injin yankan kwalta, da tsani, har da diga da shebur, waɗanda duk ba sa rasa mai saye.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula lamarin. Kafin watan Yunin 2023 ana sayar da dala a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan wanda aka sace wa na'urar da ya saya kafin wannan sauyi sai ya nemo ninkin kuɗin har sau uku kafin ya mayar da gurbinta.

Wa ke ɗaukar asarar?

Manyan kamfanonin sadarwa ba su cika yin aikin haƙa da kansu ba. Sukan ba wa babban ɗan kwangila, shi kuma ya yanyanka aikin ya raba wa ƙanana. Kafin aikin ya iso hannun wanda zai riƙe na'ura, ribar ta riga ta tsuke.

A irin wannan tsari, kayan aiki na ƙaramin ɗan kwangila ne, ko kuma hayarsu ya ɗauko. Idan aka sace, shi zai biya mai kaya. Aikin zai tsaya cik, leburorin da ake biya kullum za su koma gida hannu rabbana, wa'adin da aka ɗibar masa kuma ba zai daina tafiya ba. Yarjejeniyoyin kwangila da dama sun tanadi yanke kuɗi idan aka saɓa wa'adi.

A wasu ƙasashe inshora ce ke rage raɗaɗin irin wannan asara. A Najeriya kuwa, kuɗin da harkar inshora ke tarawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin tattalin arzikin ƙasar ba, abin da ke nuna yadda ƙananan 'yan kasuwa suka yi nisa da ita.

Yanayin aikin ma yana ba ɓarawo dama. Ginin gida yana da katanga da ƙofa, amma aikin waya tafiya yake yi: yau yana wannan unguwa, gobe yana bayan gari. Sau da yawa akan kira masu gyara cikin dare, su ajiye mota a gefen hanya, su shiga daji neman inda waya ta tsinke.

Haka kuma akan ɗauki leburori da masu gadi na wucin gadi a duk inda aiki ya isa, ba tare da an san asalinsu ba. Hausawa dai na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya san inda ake ajiye na'ura da lokacin da ake barinta ya fi kowa sanin yadda za a ɗauke ta.

Dokar da ta kare waya

Ba za a ce hukumomi sun yi ko-oho da ɓarnar da ake yi wa kayan sadarwa ba. A watan Agustan 2024, Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya bayyana cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan wani umarni da ya sanya turakun sadarwa, da wayoyin fayiba, da cibiyoyin adana bayanai cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa.

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya aikata laifi a kan irin waɗannan kadarori.

Dalilin ɗaukar matakin a bayyane yake. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce an samu tsinkewar wayoyin fayiba fiye da sau 50,000 a 2024, kuma kimanin 30,000 daga ciki ayyukan gina tituna ne suka haddasa su. A ranar 28 ga watan Fabrairun wannan shekarar, miliyoyin masu amfani da layin MTN sun shafe sa'o'i babu sabis sakamakon tsinkewar wayoyi a wurare da dama.

Wani abin takaici shi ne, wasu ɓarayin kan yanke fayiba da zaton tagulla ce, sai bayan sun yi ɓarnar su tarar da gilashin da ba shi da wani daraja a wurin masu sayen ƙarfe.

To amma hankalin wannan umarni yana kan wayar da ke binne da turken da ke tsaye. Na'urar da ke cikin jakar ɗan kwangila dukiyarsa ce ta kansa, don haka idan ta ɓace akan ɗauki batun a matsayin sata irin wadda aka saba kai ƙara a caji ofis. Alhali kuwa kowace waya daga cikin dubban da ke tsinkewa, da wannan na'ura ake haɗa ta.

Kasuwar kayan sata

Masu iya magana na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu mai saye, da ba a ɗauki kayan ba.

Kayan da aka sata sun kasu gida biyu. Tagulla, da batura, da ƙarafa kan bi ta hannun masu sayen kayan gwangwan, inda ake auna su a sikeli. Na'urori masu tsada kuwa ba su da amfani ga kowa sai wanda ya san aikin, wanda ke nufin mai sayensu da araha galibi ɗan sana'ar ne shi ma.

Matakan da hukumomi suka ɗauka sun fi karkata ga rukunin farko. A 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa a jihar Borno. A watan Janairun 2025 kuma hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birnin, suka rufe kasuwannin panteka na tsawon mako 2, bayan yawaitar satar murafen ramukan da ke kan tituna.

Irin wannan haramci na bai-ɗaya yana da nasa illar, domin dubban matasa, da yawansu 'yan arewa, da wannan sana'a suke ci da iyalansu ta hanyar halal. Kenya ma ta gwada dakatar da cinikin tsofaffin ƙarafa baki ɗaya a watan Janairun 2022, amma ta janye dakatarwar bayan 'yan watanni, ta koma ga tsarin ba da lasisi.

Darasi daga Birtaniya

Matsalar ba ta Najeriya ba ce kaɗai. A Birtaniya, fasa motocin masu aikin hannu a kwashe kayansu ya yi ƙamarin da a watan Fabrairun 2025 masu sana'o'i suka yi jerin gwano da motocinsu zuwa harabar majalisar dokoki a Landan. Daga cikin buƙatunsu har da sa ido kan kasuwannin kayan hannu, inda suke zargin a can ake sayar da kayan nasu.

Abin lura shi ne yadda dokokin ƙasar suka nufi kasuwar kai tsaye. Wata doka ta 2013 ta wajabta wa dillalan tsofaffin ƙarafa a Ingila da Wales mallakar lasisi, da tantance sunan wanda ya kawo musu kaya da adireshinsa, sannan ta hana biya da tsabar kuɗi. Wata dokar ta 2023 kuma ta ba gwamnati ikon tilasta sanya wa wasu injuna alamar da ba ta gogewa tare da rubuta bayanan mai saye.

Manufar ita ce kayan sata su zama masu wuyar sayarwa, kuma idan 'yan sanda suka kama su a iya gane mai su.

Mafita

Wani ɓangare na wannan mataki bai buƙatar jiran majalisa. Kowace na'ura tana zuwa da lambar da masana'anta ta buga mata. Idan ƙungiyoyin 'yan kwangila suka buɗe rajistar waɗannan lambobi, manyan kamfanoni kuma suka ƙi ba da aiki ga wanda ba zai iya nuna rasit ɗin na'urarsa ba, kasuwar na'urorin sata za ta ragu matuƙa.

Haka nan za a iya sanya kuɗin gadi da na inshora a cikin farashin kwangila tun daga sama, maimakon a bar wa na ƙasa ya cire daga 'yar ribarsa. Rundunar Sibil Difens, wadda ke da alhakin kare muhimman kadarorin ƙasa, na iya faɗaɗa sintirinta zuwa wuraren da ake kan aiki.

Batun ya fi muhimmanci ga yankunan karkara, musamman a arewacin ƙasar, inda wayoyin fayiba ba su wadata ba, ga kuma matsalar tsaro da ta riga ta sa 'yan kwangila ɗari-ɗari. Duk wanda ya san zai iya rasa jarinsa a dare ɗaya, ko dai ya tsawwala farashi ko ya ƙi zuwa.

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, bisa alƙawarin inganta aiki. Cika wannan alƙawari, da ma shimfiɗa kilomita 90,000 da gwamnati ta sa a gaba, ya dogara ne a kan ƙananan 'yan kwangilar da za su sauka cikin rami, da kuma ko za su wayi gari su tarar da kayan aikinsu a inda suka bar su.