Ɓarawon daji ba ya tambayar ɗarikarka

A kudancin Katsina, daga Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari zuwa Ƙanƙara, Malumfashi da Kafur, Kirista ba baƙo ba ne. Bahaushe ne, jikan Maguzawa, gonarsa na iyaka da ta maƙwabcinsa Musulmi, sau da yawa ma kakansu ɗaya. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, kuma Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, aka ɗora a kai. Na fara da wannan ne domin masu yi mana kuka daga nesa yawancinsu ba su ma san da zamanmu ba.

Mun sha wuya, babu mai musu. A Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da tsoho Fada Joe Keke. Bayan shekara guda aka ɗauke limamai biyu a Gidan Maikambo ta Kafur. A Janairun 2023 aka kwashe masu sujada ranar Lahadi daga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara. Amma wanda zai ƙirga, ya ƙirga duka. Yara fiye da 300 da aka kora daji daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 galibinsu 'ya'yan Musulmi ne. A Agustan 2025, a Unguwar Mantau ta Malumfashi, mutane suna tsaka da sallar Asuba aka buɗe musu wuta.

Tun da shugaban Amurka Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, a ƙarshen Oktoban 2025, gardama ta kaure a rediyo da Facebook. Wasu na cewa Kiristoci kaɗai ake kashewa, wasu na cewa babu abin da ya taɓa Kirista. Dukansu ba su yi wa mutanen ƙaramar hukumar Sabuwa adalci ba. Manomin da aka hana shi girbe masararsa sai ya biya haraji, ba a tambaye shi inda yake ibada. Matar da ta sayar da buhunan waken suya da shanun noma don ta haɗa kuɗin fansa, aka kuma ce ta ƙaro babur da katin waya, ba a rage mata ko kwabo don tana zuwa coci ko masallaci ba.

Almasihu ya ba da misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura 13, inda maigona ya hana bayinsa gaggawar tuge ciyawar don kada su haɗa da alkamar. Wannan gargaɗi namu ne a yau. Mugunta ba ta tare a ƙabila ɗaya ba. Infoman da ke kiran daji ya faɗi wanda ya sayar da amfanin gona, a cikin gari yake kwana, wataƙila kuma kusa da mu yake zama ranar ibada. Haka nan Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka tare shi a hanyar kasuwa aka kashe don ramuwa, jininsa yana kan wanda ya zubar da shi da kuma wanda ya yi tafi. Fasto da ya ji mambobinsa na murnar irin wannan ya yi shiru, akwai tambaya a gabansa.

Sai kuma namu na cikin gida, wanda ya fi ba ni kunya. A ƙauyen da Kiristocinsa ba su cika mota biyu ba, sai ka tarar da ECWA, Katolika, Baptist da wata sabuwar majami'a, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice, ana ƙorafin satar mambobi. Idan aka sace mutum, baikon da za a tara sau tari a ɗarikarsa yake tsayawa. Zumuntar mata ce kaɗai na ga tana tsallake wannan katanga, su daka hatsi su kai wa gwauruwa ba tare da tambayar wa ya yi mata baftisma ba. Addu'ar Yesu a Yohanna 17 domin almajiransa su zama ɗaya ce, kuma ya yi ta ne a daren da za a kama shi, ba a lokacin kwanciyar hankali ba.

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, mun kuma ga hotunansu sun zo rataye da makamai. Gafara wajibi ce a kan mai bi, amma gafara ba ta soke gaskiya, ba ta kuma ɗauke wa hukuma nauyin hukunci.

Don haka kirana ga shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN na waɗannan ƙananan hukumomi: ku buɗe asusun taimako guda na duk ɗarikoki, ku rubuta sunan kowane wanda aka kashe ko aka sace, Kirista da Musulmi, ku je da limaman Juma'a da masu unguwanni ku miƙa wa Gwamna Dikko Radda sunayen hannu da hannu. Duk zaman sulhun da za a sake yi, ku nemi a ba gwauraye da marayu wurin zama a ciki.