'Yan Ailan A Ingila: Doka Ta Ce 'Yan Gida, Titi Ya Ce Baƙi

Daga Wakilinmu

A wurinmu nan duk mai jan kunne Bature ne, ba ruwanmu da inda ya fito. Alhali kuwa da yawa daga cikin limaman coci da malaman makarantun mishan da suka zauna a Kaduna da Jos ba Turawan Ingila ba ne, mutanen Ailan ne, watau tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Tsakaninsu da Turawan Ingila kuwa akwai tsohon miki.

Ingila ta yi shekaru ɗaruruwa tana mulkin Ailan, har a 1801 aka haɗe su ƙasa guda. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankali, abincin talakan Ailan, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa, wasu kamar haka suka yi ƙaura zuwa Amurka da biranen Liverpool da Glasgow. A 1922 larduna 26 na kudu suka sami mulkin kai, shida na arewa suka ci gaba da zama a ƙarƙashin Birtaniya.

To, ga abin mamaki. A 1949 da kudancin Ailan ya zama jamhuriya, sai majalisar Landan ta yi doka cewa ba za a ɗauki Ailan ƙasar waje ba. Har gobe ɗan Ailan yana shiga Birtaniya ba biza, ya kama aiki, ya jefa ƙuri'a. A takarda ɗan gida ne. Bayan yaƙin duniya na biyu dubbansu suka ƙetaro, maza suna leburanci a gine-gine da manyan hanyoyi, mata suna aikin jinya a asibitoci. Amma in yamma ta yi suka fita neman ɗakin haya, sai mai gida ya ji harshensu ya ce ɗaki ya cika. Haka ake yi wa baƙar fata ma, sai a 1968 doka ta hana. A wasannin ban dariya kuwa ɗan Ailan ne wawa, shi ne mashayi. Mai karatu da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ba sai an yi masa dogon bayani kan irin wannan zama ba.

Inda ta ɓaci sosai shi ne ran 21 ga Nuwamba 1974. Bama-bamai suka tashi a mashaya biyu a Birmingham, mutum 21 suka mutu, aikin ƙungiyar IRA mai yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya. Kashegari fushi ya sauka kan 'yan Ailan na birnin waɗanda ba su ji ba su gani ba. Aka kai wa wuraren taruwarsu hari, a masana'antu abokan aiki suka ƙi tsayawa kusa da su. Bikin da suke yi a titi kowane watan Maris suka dakatar da shi, bai dawo ba sai bayan shekaru. Cikin kwana takwas majalisa ta zartar da dokar hana ta'addanci, wadda ta ba da ikon tsare mutum har kwana bakwai ba tuhuma.

Aka kama mutum shida, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1975. Sun ce da duka aka sa huɗu daga cikinsu sa hannu a takardar amsa laifi, ba wanda ya saurare su. Sai a watan Maris 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta sake su, bayan shekara 16. A lura fa, dukansu shida haifaffun Ailan ta Arewa ne, watau 'yan Birtaniya ne kamar 'yan sandan da suka kama su. A ganina nan ne maganar take. Kasancewa ɗan ƙasa a takarda bai hana a sa su cikin baƙi ba ranar da hankali ya tashi.

Ba a ce abubuwa ba su sake ba. Yarjejeniyar sulhu ta 1998 ta kashe wutar, ta kuma yarda mutumin Ailan ta Arewa ya kira kansa ɗan Birtaniya, ko ɗan Ailan, ko duka biyu. A 2005 Firayim Minista Tony Blair ya nemi gafarar wasu da aka ɗaure bisa kuskure kan bama-baman Guildford, a 2011 kuma Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Dublin. Da Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016, sai ga Turawan Ingila suna tonon takardun haihuwar kakanni, don mai kaka haifaffen Ailan yana iya neman fasfo ɗinta. Asalin da iyaye suka riƙa ɓoyewa, shi jikoki suke nema ruwa a jallo.

Iyalan mutum 21 ɗin nan na Birmingham dai suna nan suna jira. Tun da aka saki shidan, ba a hukunta kowa kan kisan ba.