Kosfile a cikin Badala: a ɗinka a gida, a ɗauka da sallama

1/ Jama'a, yau zare ne kan kosfile, wato mutum ya yi shiga irin ta jarumin gem ko na fim a ɗauke shi hoto. Ra'ayina a taƙaice: in a cikin birnin Kano za ka yi, to kayan su fito daga hannun masu sana'ar birni, kuma ka shiga unguwa da sallama. Ku biyo ni 🧵

2/ Sunan daga Japan ya fito a shekarun 1980, yanzu har a Lagos Comic Con ana yi. A nan kuwa da ka ambata sai a ce "aikin banza, kwaikwayon Turawa". Na yarda da rabin maganar. In odar kaya ka yi daga Chana, ka saka yadi kamar leda ka tsaya, ai kwaikwayon ne kawai.

3/ Amma ɗauki Assassin's Creed. Ga Altaïr na 2007, ga Basim na Mirage da ya fito 2023, wanda labarinsa a Bagadaza yake. Dubi shigarsu: doguwar riga mai hula a haɗe, jar ɗamara, bel na fata, fata a hannu. Don Allah wanne ne a ciki Kano ba ta iya ba tun kafin a san Ubisoft?

4/ Yadi: Kantin Kwari. Nemi auduga mai kauri ko saƙi, ka ƙyale shadda mai sheƙi. Jarumin gem matafiyi ne, ya sha rana da ƙura. In ka sa mai ƙyalli, ango za ka fito. A wanke yadin sau biyu kafin a yanka, ya yi laushi ya gama tsukewa.

5/ Rini: marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. In kana son shuɗi mai duhu, baba ya fi duk wani kala na kanti kyau a hoto. Sai dai sabon rini yana zuba. Kar ka haɗa shi da farar riga sai an ɗauraye, in ba haka ba gumi zai yi maka zanen da ba ka nema ba.

6/ Fata: Kasuwar Kurmi, wajen dukawa. Wanda yake yin kube da kayan doki na hawan Sallah, bel ɗin Altaïr wasa ne a wajensa. Mu da muke da sulke da lifidi da kwalkwali, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin gadon duniya a 2024, mu ne za mu je neman sulken roba?

7/ Tela: kar ka nuna masa waya ka tafi. Buga masa hoton gaba, baya da gefe a takarda. Hular ce mai wahala, sai an sa mata abu mai tauri a baki kafin ta tsaya. Kuma kar ka kai ɗinki ana sauran sati biyu Sallah, kai ma ka san labarin 😅

8/ Ga amsata ga masu cewa aikin banza: lokacin da muka haɗa namu da 'yan ajinmu biyu, kuɗin hannun mai yadi, marini, baduku da tela ya shiga. Mutum huɗu, duk 'yan gari. Wanda ya yi oda fa, wa ya ci kuɗinsa?

9/ Yanzu maganar da ba wasa: makami. Garin nan ana fama da faɗan daba da ƙwacen waya. Saurayi ya rufe fuska, wuƙa na leƙowa daga hannun riga, a lungu? Ba wanda zai tsaya tambayarka sunan gem. Yi ta da kwali ko soso, ta zauna a jaka sai lokacin ɗauka. Ƙarfe ko na ado ne, bar shi a gida.

10/ Badala: kar ka hau. Na san a gem ɗin hawa gini shi ne daɗin, amma wannan ƙasa ce. Sarki Gijimasu ya fara ta kusan shekara 900 da suka wuce, aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa. Ruwa ya ci, masu ɗibar ƙasa sun ci, masu gini sun ci. Kar takalminka ya ƙarasa ragowar saboda layik.

11/ Ba ma sai ka hau ba. Mai hoto ya durƙusa ya ɗauko ka daga ƙasa, ganuwar tana bayanka, za ka fito kamar kana sama. In tsayi kake so na gaske, ga Dutsen Dala da matakalarsa, birni duka a ƙarƙashinka.

12/ Izini: a Gidan Makama, gaya wa ma'aikata abin da ya kawo ku kafin a fito da kyamara. A lungu, fara da dattawan da ke zaune: "Baba, sannunku da hutawa, ɗalibai ne, hoto za mu ɗauka." Ƙofar gidan mutane ba situdiyo ba ce. Mata da yara kuma ba a sa su a hoto ba da yardarsu ko ta iyayensu ba.

13/ Lokaci: da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar. Lokacin hunturu ya fi, hazo yana tausasa haske, jar ƙasa ta fito sosai. Tsakar rana hular za ta duhunta maka ido. Ku je ku uku: mai shiga, mai hoto, mai tsaron jaka.

14/ Wajen gyaran hoto kuma, a daina goge Kano ana liƙa Bagadaza. Bar zankon soro, bar azara, bar zanen bango. Masu shigar Altaïr sun cika intanet. Wanda ya tsaya a Ƙofar Na'isa da rinin Ƙofar Mata, shi ne ba a saba gani ba.

15/ 'Yan'uwa mata, ku ma da naku: Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin Civilization VII na 2025. Wasu can sun zana ta sun sa a gem. Abin kunya ne a ce shigarta mafi kyau daga wata ƙasa za ta fito.

16/ Wanda ya san baduku ko tela mai haƙurin irin wannan aikin, ya faɗi unguwa a ƙasa. Wanda kuma bai yarda da ni ba, bismillah, ina jira.