Fim Na Karo-Karo: Mai Kwabo Shi Ke Da Magana

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turawa wadda ya kamata talakawan Funtuwa da Malumfashi su san da ita tun ba ta iso ƙofar gidajensu ba. Watau manyan masu shirya fim, waɗanda suka riga suka yi suna, sun fara barin attajirai da kamfanoni, suna juyowa wurin 'yan kallo ta hanyar intanet suna cewa, "Ku tara mana kuɗi mu yi muku fim." Kowa ya jefa abin da ya samu, har a kai adadin da ake nema. Mu nan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Karo-karo ne, irin wanda mu kan yi in za a gina masallacin unguwa ko za a gyara rijiya.

Ga misali. A shekarar 1913 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a shekarar 2013, a Amurka, masu shirin Veronica Mars sun nemi taimako a wani dandali mai suna Kickstarter, mutum fiye da 91,000 suka tara musu dala miliyan 5 da dubu 700. A cikin shekarar dai, wani ɗan wasa mai suna Zach Braff ya tara dala miliyan 3 da ɗoriya. Shi ma Spike Lee, baƙar fatan nan da ya yi fim ɗin tarihin Malcolm X a 1992, ya miƙa ƙoƙon bararsa ya sami wajen dala miliyan 1 da dubu 400. Hujjarsu ɗaya ce: wanda ya ba ka kuɗi shi ke gaya maka abin da za ka faɗa, saboda haka gara su karɓa daga hannun jama'a su faɗi abin da ke ransu.

Hujjar nan gaskiya ce, kuma mu mun fi kowa saninta. Tsofaffinmu suna tune da zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ta kan zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i. A shekarun 1950 aka yi fim ɗin Baban Larai a nan Daudawa, don a koya wa manomi yadda zai noma auduga. An nuna masa yadda zai yi shuka a layi, da yadda zai tsince audugarsa da tsabta. Amma wa ya nuna masa nawa ake sayar da ita in ta bar gidan gurza na Funtuwa ta hau jirgin ƙasa? Ba wanda ya nuna, domin masu biyan kuɗin majigin su ne masu sayen audugar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Da aka fara finafinan Hausa na kaset a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, samari ne 'yan wasan kwaikwayo suka tashi da ƙarfin kansu. Sannu a hankali harkar ta koma hannun 'yan kasuwar kaset, su ke zaɓen labarin da zai fita, su ke yanke farashi. Da masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, sai masu sana'ar suka watse neman mafaka. Wasu suka nufi tashar Arewa24 wadda aka buɗe a 2014, wasu suka koma YouTube, kamar shirin Izzar So da ya fito a 2020 a tashar Bakori TV, mai ɗauke da sunan garin maƙwabtanmu. Wasu kuwa suka raɓa da masu mulki da masu hannu da shuni. Har alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Ƙofa ta jihar Kano a 2016, an fasa ta bayan surutu ya yi yawa. To, wanda duk ƙofofi suka rufe masa, ina zai nufa in ba wurin talaka ba? Don haka muke cewa ranar tana tafe da taurarin nan za su ce da mu mu yi musu karo-karo. Ya kamata amsarmu ta zama a shirye.

Amsarmu ita ce: za mu ba da, amma ba sadaka ba. Ku ji dalili.

Shi Zach Braff ɗin nan da muka ambata, bayan jama'a sun tara masa kuɗi, sai ya ƙara samun jari daga wani kamfani, ya gama fim, aka sayar wa wani babban kamfani izinin nuna shi a 2014 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 2. Su kuwa mutanen da suka yi karo-karon, abin da aka yi musu alkawari tun farko shi ne riguna da hotuna da damar kallo kafin kowa, ba su da ko kwabo cikin ciniki. Bai karya doka ba, domin haka aka shirya tun fari. Amma mu tambayi kanmu: ina adalci a ce talaka ya ɗauki asara in abu ya lalace, mai suna ya kwashe riba in abu ya yi kyau? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai sayar da tumatir a Danja, ko mai auna masara a kasuwar Dandume, ba shi da rarar da zai yi wa mai mota ta alfarma kyauta.

Akwai wata hanya, kuma manoma irinmu ne suka nuna ta. A ƙasar Indiya, a jihar Gujarat, a shekarar 1976, wani mashahurin mai shirya fim, Shyam Benegal, ya so ya yi fim a kan yadda masu kiwon shanu suka kafa ƙungiyoyin gama kai suka ƙwaci kansu daga hannun 'yan baranda masu sayen madara da araha. Shugaban harkar ƙungiyoyin, Verghese Kurien, ya kai maganar gaban membobi. Makiyaya 500,000 kowannensu ya ba da rufi 2, aka sami rufi miliyan 1, aka yi fim mai suna Manthan. A farkon fim ɗin an rubuta cewa manoman Gujarat 500,000 ne suka gabatar da shi. Da ya fito, sai suka riƙa cika manyan motoci suna zuwa kallon abinsu. Ya ci lambar yabo ta ƙasa, aka kuma yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye ana koya wa wasu yadda ake kafa ƙungiya. A 2024 an sabunta shi an nuna a babban bikin finafinai na Kan a ƙasar Faransa. Ku lura, a wannan shekara ta 1976 aka yi namu fim ɗin na Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da kuɗin gwamnati. Yana da kyau ƙwarai, amma talakawa nawa ne a ƙasar nan suka taɓa ganinsa? Abin da ba kuɗinka a ciki, ba ka da bakin tambayar inda aka ajiye shi.

Bambancin a fili yake. Can Amurka jama'a sun ba da kuɗi don ƙaunar tauraro. A Gujarat sun ba da don labarin nasu ne, ta hannun ƙungiyarsu wadda suka san shugabanninta, suka san littafin lissafinta.

Mu kuma labari ne ba mu da shi? Ina fim ɗin manomin Faskari ko Sabuwa da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, ko wanda sai ya biya su kafin ya girbe abin da ya shuka? Ina na iyayen yaran makarantar Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020? Ina na wanda ya ci bashin taki da damina, kaka ta yi farashin masara ya faɗi, ya sayar da buhu goma bai biya bashin ba? Ina labarin auduga, wadda ta gina Funtuwa da Malumfashi, yau gonakinta suka ja baya? Attajiri ba zai biya a faɗi waɗannan ba, mai mulki kuwa bai so a ji. In mutum 20,000 suka ba da naira 1,000 kowanne, an sami naira miliyan 20 ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi sun isa su ɗaga ta.

Saboda haka ga sharuɗɗan da muke ba 'yan'uwa shawara su riƙe. Na farko, a faɗi labarin da za a yi tun kafin a karɓi kwabo, a faɗi kuɗin da ake nema da ranar gamawa. Na biyu, kuɗi su bi ta hannun ƙungiya mai rajista, ta manoma ko ta 'yan kasuwa, a ba kowa rasit, kada a zuba a asusun mutum ɗaya komai sunansa. Na uku, shi mai fim ya fara sa nasa jarin, mu gani da idonmu. Na huɗu, in an sayar da fim ko ya kawo kuɗi a YouTube, a karanta lissafi a gaban taro, rabon masu karo-karo ya koma asusun ƙungiyarsu. Na biyar, a fara nuna shi a garuruwan da suka biya, mata da yara su ma su gani.

Sa'an nan a yi hattara da mayaudara. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016. Tun 2021 hukumar kula da hannun jari ta ƙasa, watau SEC, ta kafa ƙa'ida cewa mai neman jari daga jama'a ta intanet da alkawarin riba sai ya bi ta dandalin da ta yi wa rajista. Duk wanda ya turo hoton tauraro a waya da lambar asusu yana cewa kuɗinka zai ninka, ka riƙe aljihunka.

Ga masu sana'ar fim kuwa, muna cewa ƙofa a buɗe take. Talakan da ya sayi kaset ɗinku shekara da shekaru, wanda yau yake ƙona kuɗin datarsa don ya kalle ku, shi ya kai ku inda kuke. In kun zo da labarinsa da lissafi mai tsabta, zai tsaya muku. In kuwa kun zo da ƙoƙon bara kawai, to ku sani shi ma yana da iyali, kuma taki bai sauko ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.